Yadda Za Ka Zagaya Wuraren Tarihin Moose Jaw Cikin Kwana Biyu

Yawancin 'yan uwanmu da karatu ko aiki ya kai lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada a Regina ko Saskatoon suke sauka, kuma da yawa sai su shekara biyu ba su san abin da ke bayan gari ba, in ban da gonakin alkama da suke hangowa ta tagar mota. Kimanin kilomita 70 yamma da Regina, a kan babbar hanya mai lamba 1 wadda ta ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma, akwai Moose Jaw, gari na huɗu a girma a lardin, mai mutum 33,000 da 'yan kai a ƙidayar 2021. Ƙaramin gari ne a tsakiyar shimfiɗaɗɗen fili, ba dutse ba tudu, amma tarihin da ke cikinsa ya fi ƙarfin girmansa.

Sai dai labari iri biyu ake samu a garin. Akwai wanda aka shirya wa baƙi, mai tikiti da 'yan wasa da kayan ado, akwai kuma wanda ke rubuce a jikin duwatsu da kaburbura da tsofaffin jaridu. Duka biyun sun cancanci a gani, amma wanda ka fara da shi shi zai riƙe maka kai. Saboda haka na tsara wannan jagora yadda za ka fara da abin da ke da hujja, ka bar mai daɗin ji sai daga baya.

Mataki na farko: zaɓi lokaci, ka tanadi mota

Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba ne lokacin da ya fi dacewa. Wasu wuraren a rufe suke duk tsawon hunturu, kuma tsayuwa a gaban dutse kana karanta sunaye a watan Janairu, lokacin da sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifiri, ba aikin mai hankali ba ne. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, don haka yininka dogo ne, sai dai ka duba jadawalin salla tun daga gida, domin Isha'i tana nisa, Asuba kuma tana zuwa da wuri. Alƙibla daga nan arewa maso gabas take, ba gabas sak ba kamar yadda muka saba. Lardin ba ya canza agogo rani da hunturu, kullum awa 7 yake bayan Najeriya da Nijar.

Mota kusan dole ce. Gwamnatin lardin ta rufe kamfanin bas ɗinta a 2017, kamfanin bas na Greyhound ya janye daga yammacin Kanada a 2018, jirgin ƙasa na fasinja kuwa ya daina bi ta garin tun 1990. Idan ba ka da mota, ku haɗa kuɗi ku huɗu ku yi haya. Ka riƙe ruwan sha, da hular rana, da rigar sanyi mara nauyi ko da rani ne, don iskar filin nan ba ta da abin da ke tare ta. Ka kuma tuna farashin da ka gani a allo ba shi za ka biya ba, ana ɗora haraji a kai wajen biya. Mai son abincin halal ya yi guzuri daga Regina, hankalinsa ya fi kwanciya.

Mataki na biyu: fara daga tsohuwar tashar jirgin ƙasa

Ajiye motarka a ƙasan titin Main, inda ya haɗu da titin Manitoba. Ginin nan mai doguwar hasumiyar agogo da ya tare ƙarshen titi shi ne tsohuwar tashar kamfanin Canadian Pacific, wadda aka gina tsakanin 1920 da 1922. Daga nan ya kamata a fara, domin layin dogo ne ya haifi garin. A farkon shekarun 1880 kamfanin ya zaɓi wannan wuri ya zama zangon da ake canza ma'aikata da gyaran injuna, saboda akwai kogi, injin tururi kuwa ba ya tafiya sai da ruwa. A 1893 wani layin ya iso daga kudu, ya haɗa yankin da Minneapolis, daga can har Shikago. Wanda ya san yadda reluwe ta raya Kafanchan ya riga ya fahimci rabin tarihin Moose Jaw. A 1903 aka ba shi matsayin birni, shekara biyu kafin a kafa lardin kansa.

Daga bakin tasha ka juya ka fuskanci arewa, ka taka a ƙafa. Za ka lura kusan duk tsofaffin gine-ginen na jan bulo ne ko na dutse. Dalili shi ne gobarar 1891 da ta cinye wani yanki na titin Main lokacin da shaguna na katako ne, daga nan hukumar gari ta matsa a koma gini da abin da wuta ba ta ci da sauƙi. Ka riƙa ɗaga kai sama, domin magina na wancan zamani sukan sassaƙa shekarar gini da sunan mai shi a can ƙarƙashin rufi, inda allunan shagunan yau ba su rufe ba.

Titi na farko da za ka tsallaka bayan Manitoba shi ne River. Yau ba shi da wani armashi, an rushe yawancin otal-otal ɗinsa, amma a shekarun 1920 nan ne matattarar caca da giya da karuwanci, har sunan garin ya ɓaci a lardin baki ɗaya. Riƙe sunan titin, za mu dawo kansa.

Gaba kaɗan akwai ginin majalisar gari, shi ma da agogonsa, wanda aka gina tsakanin 1911 da 1914 a matsayin gidan waya na gwamnatin tarayya. Idan ka ratse yamma a titin Ominica za ka ga kotun da aka kammala a 1909, wadda gwamnatin Kanada ta sa cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. A jikin bangaye kuma akwai manyan zane-zane sama da 40 da ke nuna rayuwar garin ta da. Suna da kyau a hoto, amma ka sani an fara yin su ne wajen 1990 don jawo baƙi, wato yadda jikoki suke so a tuna da kakanninsu ne.

Mataki na uku: dutsen tunawa da sojoji

Gabas da titin Main, tafiyar 'yan mintuna, akwai lambun Crescent Park. A cikinsa ne aka kafa dutsen tunawa da mutanen garin da suka mutu a yaƙi. Babu gawa a ƙarƙashinsa. Sojojin Kanada da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya akasarinsu a can Faransa da Beljiyam aka binne su, domin ƙa'idar daular Ingila a lokacin ta hana dawo da gawarwaki gida. Iyaye da matan aure ba su da kabarin da za su ziyarta, shi ya sa kusan kowane gari da ƙauye a wannan fili ya tara kuɗi ya kafa dutse irin wannan.

Don ka gane nauyin abin, ga lissafi. Kanada tana da mutum kusan miliyan 8 lokacin yaƙin 1914 zuwa 1918, ta rasa sama da 60,000. Bataliya ta 46, wadda aka tara a nan Moose Jaw a 1915, ta yi asarar da ta sa aka yi mata laƙabi da bataliyar 'yan ƙunar baƙin wake: an kashe mata mutum 1,433, aka raunata 3,484, wato fiye da tara cikin kowane goma na waɗanda suka bi ta cikinta. Ta yi yaƙi a Somme, da tudun Vimy a Afrilun 1917, da Passchendaele. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne da leburorin reluwe, wasu ma ba su fi shekara biyar da zuwa Kanada daga Ingila ba.

Ga yadda ake karanta irin wannan dutse, a nan ko a kowane gari. Ka zagaya shi ta kowane gefe, kada ka tsaya a gaba kawai. Ka duba wane yaƙi aka fara rubutawa, waɗanne aka ƙara daga baya, domin sau da yawa za ka ga rubutun 1939 zuwa 1945 da na Koriya an liƙa su ne a kan ginin da aka yi da zaton ba za a sake wani yaƙi ba. Ka duba wa ya biya kuɗin: hukuma ce, ƙungiyar mata ce, ko tsofaffin sojoji. Inda aka jera sunaye, ka nemi sunan iyali da ya maimaitu, sau da yawa wa da ƙane ne.

Sannan ka yi abin da mafi yawan baƙi ba sa yi: ɗauki suna ɗaya, daga nan ko daga wani allon tunawa a coci ko makaranta, ka bi sawunsa. Hukumar adana takardun tarihi ta Kanada ta sa fayilolin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya a intanet kyauta, sama da 600,000. A ciki za ka ga takardar da mutum ya sa hannu ranar da ya shiga soja, da sana'arsa, da tsayinsa, da addininsa, da sunan wanda za a sanar idan ya mutu, har da lissafin albashin da ake aika wa mahaifiyarsa. Minti goma a waya kana zaune a kan bencin lambun ya isa. Shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel zai gaya maka inda aka binne shi. Wannan hukuma ita ce dai mai kula da sunaye da kaburburan sojojin Najeriya, ciki har da kakanninmu da aka kwasa zuwa Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, saboda haka wanda kakansa bai dawo ba zai iya gwada neman sunansa a wannan shafi.

Lardin yana da wata al'ada da ta burge ni: ya raɗa wa tafkuna da tsibirai da koguna kusan 4,000 na arewacinsa sunayen 'ya'yansa da suka mutu a bakin aiki, akasarinsu na Yaƙin Duniya na Biyu. Idan sunan da ka ɗauka na wannan yaƙin ne, akwai yiwuwar wani tafki can cikin daji yana amsa shi.

Ladabin wurin kaɗan ne. Ba a hawa kan dutsen, ba a zama a kan matakalarsa ana cin abinci, ba a taɓa furannin da aka ajiye. Hoto ba laifi.

Mataki na huɗu: shiga laburare kafin ka shiga hanyoyin ƙarƙashin ƙasa

A cikin lambun ne babban laburaren gari yake, ginin 1913, mai zauren shiga na farin dutsen marmara wanda ya isa a tsaya a kalla. Shiga kyauta ne. Yana da sashen adana tsofaffin takardu da hotuna da jaridun garin, har da Times-Herald wadda ta daina fitowa a 2017. A jikinsa kuma akwai gidan tarihi da zane-zane na gari, inda ake ajiye kayan ado na duwatsun wuya da tufafin mutanen asali na yankin. Ka kira tun kafin ka zo ka ji ranakun da sashen takardun yake buɗe, ba kullum ba ne.

Abu biyu nake ba da shawara ka tambaya. Na farko haɗarin ranar 8 ga Afrilu, 1954, lokacin da ƙaramin jirgin koyon tuƙi na soja ya yi karo da jirgin fasinja na Trans-Canada Air Lines a sararin samaniyar garin. Mutum 37 suka mutu, ciki har da mace ɗaya da tarkacen ya faɗo wa a cikin gida, kuma kaɗan ya rage ya sauka a kan wata makaranta cike da yara. Na biyu taron ƙungiyar Ku Klux Klan na watan Yunin 1927, wanda ya tara dubban mutane a wannan gari. Ƙungiyar ta shigo ne da sunan za ta tsabtace titin River, amma ainihin ƙiyayyarta a kan Katolika da Sinawa da baƙin da ba Turawan Ingila ba take. Ba za ka ga allon da ke tallar wannan a kan titi ba, kuma baƙar fata da ke zaune a lardin ya kamata ya san shi.

Mataki na biyar: hanyoyin ƙarƙashin ƙasa

Yanzu ka shirya wa abin da ya fi jawo mutane garin. Ofishin Tunnels of Moose Jaw yana kan titin Main, kusa da inda ka fara. Ana shiga rukuni-rukuni, kowane zagaye bai cika awa ɗaya ba, kuma a lokacin rani gara ka sayi tikiti ta intanet tun da wuri. 'Yan wasa ne sanye da kayan da suke jagorantar ku, suna sa ku cikin labarin. Akwai zagayen 'yan fasa-ƙwaurin giya, akwai na baƙin Sinawa, akwai kuma na zamanin zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat.

Ga abin da ya tabbata. An yi hanyoyi tsakanin ɗakunan ƙarƙashin gine-ginen tsakiyar gari a farkon ƙarni na 20, masu kula da tukunyar dumama gini suna bi ta ciki daga wannan gini zuwa wancan ba sai sun fita cikin sanyi ba. Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, an kuma yi ta fasa-ƙwaurinta daga Saskatchewan zuwa kudu, ga layin dogo har Shikago. 'Yan sandan garin na lokacin sun yi ƙaurin suna wajen kau da kai. Abin da bai tabbata ba shi ne zuwan Al Capone, shahararren ɗan dabar Shikago, wanda garin ya mayar da sunansa jari. Babu hoto, babu rajistar otal, babu takardar 'yan sanda da ta nuna ya taɓa taka garin. Labaran baka ne na tsofaffi, wane ya ce ya yi masa aski, wane ya ce ya yi masa aike yana yaro.

Zagayen Sinawa ya fi taɓa zuciya, kuma a nan ne ya fi kamata ka yi hattara. Masana tarihi sun yi ta musun cewa Sinawa sun zauna a ɓoye cikin waɗannan ramuka shekara da shekaru. Amma zaluncin da wasan yake nunawa gaskiya ne, yana nan a dokokin ƙasa. Bayan an gama amfani da leburorin Sin wajen shimfiɗa layin dogo ta cikin duwatsun yamma, a 1885 gwamnati ta ɗora wa kowane Basine mai shigowa harajin dala 50, ta mai da shi 100 a 1900, sannan 500 a 1903, kuɗin da ya kai albashin lebura na kusan shekara biyu. Daga 1923 zuwa 1947 aka rufe musu ƙofa kusan gaba ɗaya, maza suka tsufa a gidajen wanki da na abinci, matansu da 'ya'yansu suna can Sin. Sai a 2006 Firayim Minista Stephen Harper ya nemi gafara a majalisa.

Moose Jaw tana da nata kaso a wannan. A 1912 lardin ya yi dokar da ta hana Basine ɗaukar Baturiya aiki. Wani mai gidan abinci a garin, Quong Wing, wanda ya riga ya zama ɗan ƙasa a hukumance, aka ci shi tara saboda mata biyu da ke yi masa aiki. Ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli ta Kanada, a 1914 kotun ta ce dokar tana nan daram. Ɗaliban shari'a a ƙasar har yau suna karanta wannan hukunci. Idan ka shiga ramin da wannan a kanka, za ka ji daɗin wasan, ka kuma san inda aka ƙara gishiri.

Wanda ƙunci ko duhu ke damunsa, ko mai ciwon gwiwa, ya tambaya kafin ya biya, akwai matakala da lunguna.

Mataki na shida: maƙabartu biyu da kwarin kogi

Da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi sanyi, ka ɗauki mota. Tsohuwar maƙabartar gari tana gabas, an buɗe ta a 1889. A nan za ka ga abin da zanen bango bai nuna ba: jerin ƙananan kaburburan jarirai, da waɗanda suka mutu a kakar 1918 lokacin annobar mura, da duwatsu masu rubutun Sinanci. Maƙabartar Rosedale kuwa tana yamma, kuma a cikinta akwai kaburburan samarin da suka zo koyon tuƙin jirgin yaƙi suka mutu a haɗarin atisaye tun ba su ga fagen fama ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an mayar da filayen Kanada makarantar matuƙa ta daular Ingila baki ɗaya, saboda sarari da nisa daga abokan gaba, aka horar da ma'aikatan jirgi sama da 130,000. Ɗaya daga cikin makarantun tana kudu da Moose Jaw. Duwatsun kaburburan samarin iri ɗaya ne, tsayi ɗaya, hafsa da kurtu ba bambanci. Ka duba shekarunsu.

Ka bi hanyoyin da aka shata, kada ka taka kan kabari, kuma idan ka tarar ana jana'iza ka ba su wuri.

Daga nan ka gangara kwarin Wakamow, inda kogin ya yi lanƙwasa a kudancin gari. Ba za ka ga dogon gini a nan ba, amma wurin ya girmi duk abin da ka gani tun safe. Ƙabilun Cree da Assiniboine da 'yan Métis, waɗanda suka fito daga auratayyar Turawa da mutanen asali, sun daɗe suna yada zango a wannan kwari saboda ruwa da itace da mafaka daga iska. Ƙasar da garin yake kai tana ƙarƙashin Yarjejeniya ta 4, wadda aka ƙulla a 1874 a Fort Qu'Appelle tsakanin masarautar Ingila da shugabannin ƙabilun. Cikin 'yan shekaru bayan haka garken ɓaunan da rayuwarsu ta dogara a kai ya ƙare, yunwa ta tura su cikin keɓaɓɓun yankuna, gwamnati kuma ta riƙa raba ƙasar ga baƙi daga Turai, eka 160 a kan dala 10. Bayan yaƙin Little Bighorn da aka yi a Amurka a 1876, shugaban ƙabilar Lakota Sitting Bull ya tsallako Kanada da mutanensa. Shi ya koma Amurka a 1881, amma wasu iyalai suka ƙi komawa, suka zauna a wannan kwari shekaru masu yawa suna aikatau a cikin gari. Idan ka ji ana buɗe taro a jami'a ko ofis da ambaton ƙasar Yarjejeniya ta 4, wannan ake nufi.

Ciyawar kwarin tana da kaska a watannin Mayu da Yuni. Ka sa dogon wando, ka duba jikinka da na yara idan kun fito.

Mataki na bakwai: rana ta biyu, arewa sannan kudu

Fara da ofishin baƙi da ke bakin babbar hanya, inda za ka karɓi taswira kyauta. A nan Mac yake tsaye, mutum-mutumin dabbar nan mai faffaɗan ƙaho da ake kira moose, wadda sunanta yake cikin sunan garin, an yi shi da ƙarfe da siminti a 1984. Da wani gari a ƙasar Norway ya ƙera nasa ya ɗara shi da 'yan santimita, sai mutanen Moose Jaw suka tara kuɗi suka sake masa ƙaho a 2019, ya kai mita 10.36, ya karɓe kambunsa. Minti goma ya ishe ka, a ɗauki hoto a wuce.

Kusa da nan akwai gidan tarihi na Western Development Museum, reshen da ya shafi sufuri. Ba shi awa biyu. Akwai injunan jirgin ƙasa, da tsofaffin motoci, da jiragen da aka yi koyon tuƙi da su a lokacin yaƙi, irin waɗanda suka kashe samarin da ka gani a Rosedale jiya. Akwai kuma zaure na musamman na Snowbirds, tawagar jiragen nuna bajinta ta sojan saman Kanada, wadda aka kafa a 1971 kuma mazauninta yana sansanin da ke kudu da gari. Sansanin kansa wurin soja ne, ba a shiga haka kawai, kada ka tsaya a ƙofarsa kana ɗaukar hoto.

Kana gangarowa ta titin Main za ka wuce barikin jan bulo da aka gina gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda yanzu yake ɗauke da sunan David Currie. A garin nan ya tashi, makanike ne kuma mai walda kafin yaƙi. A watan Agustan 1944, yana manjo, ya riƙe ƙauyen Saint-Lambert-sur-Dives a Faransa da 'yan tsirarun mutane da tankoki har kwana uku, ya toshe wa sojojin Jamus hanyar tsira, aka kama sama da 2,000. Shi kaɗai ne ɗan Kanada da ya sami Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta daular Ingila, a yaƙin yankin Normandy na Faransa.

Sai ka miƙe kudu a hanya mai lamba 2, kimanin kilomita 13, zuwa ƙauyen tarihi na Sukanen. An kwaso tsofaffin gine-gine daga ƙauyukan da suka mutu, makaranta da coci da shago da maƙera da dogon rumbun hatsi na katako, aka jera su kamar gari. A tsakiya ga jirgin ruwa a kan busasshiyar ƙasa, fiye da kilomita dubu daga teku. Tom Sukanen mutumin Finland ne, maƙerin jirgi, wanda ya zo ya kama gona a lardin. A shekarun 1930, lokacin da fari da guguwar ƙura da karyewar farashin alkama suka tsiyata manoma, ya sa duk abin da ya mallaka cikin ƙera jirgin da zai bi kogin Saskatchewan da shi zuwa mashigin Hudson, daga can ya koma gida. Da hannunsa ya lanƙwasa ƙarfen, ya ƙera tukunyar injin. Maƙwabta suka ce ya taɓu. Jirgin bai taɓa shiga ruwa ba, shi kuma ya rasu a asibitin masu taɓin hankali na North Battleford a 1943. Daga baya aka dawo da ƙasusuwansa aka binne kusa da jirgin. Masu sa-kai ne suke riƙe da wurin, yawancinsu tsofaffin manoma, kuma idan ka tsaya ka gaishe su ka yi tambaya, za su ba ka labarin shekarun farin nan yadda iyayensu suka ba su. Wurin na rani ne kawai, ka tabbatar a buɗe yake kafin ka kama hanya.

Idan zuwanka ya faɗo a watan Nuwamba

Ranar 11 ga Nuwamba ce ranar tunawa da sojoji a Kanada, ranar da aka tsagaita wuta a 1918. Najeriya ma a wannan rana take yi a da, kafin a mayar da ita 15 ga Janairu saboda ƙarshen yaƙin basasa. Hutu ne a Saskatchewan, ofisoshi da shaguna da yawa a rufe. Tun daga Juma'ar ƙarshe ta Oktoba za ka ga mutane da jan fure a ƙirji ta hagu. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ce take ajiye su a shaguna, ba su da farashi, abin da ka ga dama kake sakawa a akwati. Ba dole ba ne ka sa, ba kuma wanda zai tambaye ka dalili.

Saboda sanyi, babban taron yakan kasance a cikin zaure, sannan a kai furanni wurin dutsen. Ka iso kafin goma da rabi. Da ƙarfe 11 daidai za a busa ƙaho, kowa ya miƙe a yi shiru na minti biyu, ka kashe ƙarar wayarka tun kafin lokacin. Akan yi addu'o'in Kirista a wani ɓangare na taron, wanda ba addininsa ba ne yakan tsaya shiru kawai. A wannan wata duhu yana shigowa tun wajen ƙarfe biyar da rabi, hanya kuma tana iya yin santsi da ƙanƙara, ga barewa da ke tsallaka titi da magariba, don haka mai komawa Regina ya duba rahoton hanyoyi na lardin a waya, ya kama hanya da sauran rana.